Noman lemu a Arewa: yawan ɗiya ba shi ne yawan riba ba

A fadamar Dallol Mawri, wadda ta ratsa gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri (wannan ta biyun an cire ta daga Dutsi a shekara ta 2011), ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa garake suka yawaita, inda lemun zaƙi da tanjarin suke tsaye kusa da mangwaro. Amma akwai aiki guda da manomi yake jin nauyin yi: tsinke ɗanyun ɗiya da hannunsa don ya rage wa itace kaya.

Ga mai garka, wannan ya yi kama da butulce wa baiwar Allah. Alhali kuwa itacen da kansa yake fara aikin, domin cikin fure ɗari da ƙyar biyu suke kai ga nuna. Waɗanda suka tsira kuma abinci guda suke rabawa, wato zaƙin da ganye yake haɗawa da hasken rana. In ɗiya sun fi ƙarfin ganye, sai su fito ƙanana, rassa su ranƙwafa har su karye, saiwa ta rame. Abin da ya fi muni yana zuwa baɗi: itacen da ya gaji ba ya yin fure sosai. Haka tanjarin yake cika kwanduna bana, ya bar mai shi hannu wofi shekara mai zuwa.

Manoman Japan sun daɗe da auna abin: kimanin ganye 25 zuwa 30 suke barin wa kowane ɗan tanjarin.

Lokaci ne sirrin. Ana jira sai itace ya gama zubar da nasa, ɗiyan da suka rage sun kai girman ƙaramin goro, sannan a cire masu tabo, da ƙanana, da waɗanda suka cunkushe wuri guda. Wanda ya makara ya yi hasara biyu, don abincin ya riga ya tafi. Sabon dashe kuwa, gara a tsinke ɗiyansa duka a shekaru biyu na farko, ya samu ya yi jiki.

Gaskiya ne nauyin amfanin bana yana iya raguwa kaɗan. Sai dai a kasuwar Dutsi, manyan lemu ne mai saye yake fara ɗagawa. Lemun tsami kaɗai bai cika bukatar wannan wahala ba, tun da ƙanƙantarsa ba aibi ba ce.