Fushin uba ba ya soke haƙƙin ɗa

A makarantar da nake koyarwa a Zariya, lokacin rajistar JAMB ne ake gane yaran da iyayensu maza suka yi watsi da su. Ka tambayi yaro takardar haihuwa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, tana wurin Baba." Tun da aka saki mahaifiyarsa yake gidan kaka, uban kuwa ya ce ba ruwansa.

To, da ruwansa. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'armu ke bi, ciyarwa da tufatarwa suna kan uba mai hali har ɗa namiji ya balaga yana iya neman na kansa, 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin miji. Zaman yaro a wani gida bai sauke wannan nauyi ba. Hasali ma riƙon yara bayan saki na uwa ne. Idan ta yi wani aure ya koma ga mahaifiyarta, uba kuma ya ci gaba da biya. Budurwar da ubanta ya hana aure don cutarwa ma, alƙali na iya aurar da ita.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, Kaduna ta yi tata a 2018. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye karatun shekara tara na farko.

Batun takardu ya fi sauƙi. Ɗan shekara 16 na iya yin NIN da kansa, lambar da JAMB ke buƙata tun 2021, kuma mai riƙon yaro na iya sa hannu inda ake neman na uba.

Abin da ke ɗaure yaran nan tsoron bakin uba ne, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar yaro ya tunkari mahaifinsa ba. Dama doka ta ce babba ne zai shigar masa da ƙara. A fara da dattawan dangi, da liman, da mai unguwa. In abin ya faskara, hukumar Legal Aid tana ba marasa hali lauya kyauta.

Kawu, kaka, gwaggo: ku da kuka karɓi riƙo, ku ne za ku tsaya wa yaron nan, tun kafin ya bar aji ya koma tasha.