Bakin Dam, Dandalin da Ba Shi da Mai Tsaro

Duk wanda ya bi hanyar Bichi ko ta Ɗambatta da damina ya san gona na gogar gona. Gero a sama, gyaɗa da wake a ƙasa, burtalin ma an ci gefensa har sai shanu sun jeru ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa irin wannan wa zai ware fili ya ce na shan iska ne? Ko filin ƙwallon samari aro ne, ruwan shuka na sauka mai gona zai iso da garmarsa.

Shi ya sa jama'a suka koma bakin ruwa. Madatsun da aka soma ginawa zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, aka kuma ci gaba bayansa, irin su Tomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, Gari a Kunci, Wasai a Minjibir da Watari a Ɓagwai, don noman rani da ruwan sha aka yi su. Amma je ka Watari washegarin Sallah. Yara da sababbin kaya, mai soya kifi ta kafa kasko, samari sun tuɓe riguna sun rataye a kan babur suna gasar ninƙaya. Babu mai tsaro, babu alamar da ke nuna inda zurfi ya fara.

Ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a Watari da mutanen ƙauyen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. An tsamo gawa aƙalla 29. Ba yawo suka fita ba, gaskiya ne, amma irin wannan jirgin ake cikawa da yara ranar Sallah a zaga da su, ba ko rigar kariya ɗaya.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da ƙara, wato tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shige jikin ƙaramin dodon koɗin da ke maƙale a ciyawar gaɓa. Can take yaɗuwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji komai ba, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin mafitsara. Bayan watanni sai yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Har yau akwai masu cewa alamar balaga ce. Cuta ce, kuma ƙwayar praziquantel da ake rabawa a makarantu tana maganinta, sai dai yaro na komawa ruwan zai sake ɗauka. Wasai ma haɗarinta ya fi, domin ita ke karɓar dagwalon kogin Jakara daga cikin birnin Kano da na masana'antun Bompai.

Hana yara zuwa dam ba zai yiwu ba, ba su da wani wurin. Abin da ƙananan hukumomin nan za su iya bai fi ƙarfinsu ba: a keɓe gaɓa ɗaya marar zurfi a share ciyawarta, a yi makewayi, a dasa darbejiya don inuwa, a ɗauki masunta biyu aikin gadi a ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Shugabannin Ɓagwai, Makoɗa, Kunci da Minjibir, a yi wannan kafin Sallah mai zuwa.