Zanen ɗigo-ɗigo: sana'ar da ta haɗa Mario da masu saƙar faifai

A Dakoro, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, da wuya mutum ya wuce rumfar cajin salula bai tarar da yara sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna wasan bidiyo ba. Ɗan kasuwa na ganin ɓata lokaci ne, ma'aikaci na kukan an bar karatu. Amma cikin iyayen nan akwai da dama da suka riƙe Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000, suka raba dare suna kora macijin nan da ke ƙara tsawo har ya sari kansa. Allon wayar ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, kuma macijin jerin ɗigo ne kawai.

Kowane hoto da ke kan allon tele ko na salula an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel. Zanen ɗigo-ɗigo shi ne mai zane ya riƙa ajiye su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, har ya fitar da ƴar tsanar da za ta yi gudu da tsalle cikin wasa. Tambayar da ke damun duk mai koyo ita ce: yaya za a yi ƴar tsanar ta yi kyau, alhali gurbin da aka ba ta bai kai tambarin wasiƙa ba?

Amsar ta fito ne daga ƙasar Japan. A shekarar 1981, Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya zana mutumin da duniya ta sani daga baya da suna Mario, cikin wasan Donkey Kong. Fili ya yi masa kaɗan, ɗigo 16 ne kowane gefe. Baki ba ya fita a irin wannan ƙunci, sai ya yi masa gashin baki, wanda kuma ya sa hanci ya bayyana. Gashin kai na da wuyar motsawa, sai ya kifa masa hula. Hannuwa na ɓacewa cikin jiki idan yana gudu, sai ya sa masa wando mai igiya a kafaɗa, launinsa dabam da na riga. Wato duk kamannin da yara ke ƙauna a yau, rashi ne ya haife su. Na'urar Famicom da kamfanin ya fitar a 1983 ba ta yarda gutsuren ƴar tsana ya wuce launi uku ba, kuma a wasan Super Mario Bros. na 1985 gajimaren sama da ciyawar ƙasa siffa guda ce, launi kaɗai aka sauya, domin tattalin wuri. Da babu gara ba daɗi, in ji masu iya magana, sai dai a nan ba daɗin ne ya zama gwaninta.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Dakoro. Matar da ke saƙa faifai ko tabarma da kabar da ake yankowa a Gulbin Kaba ba ta da launi ɗari. Tana da farar kaba da rinanniya kala biyu ko uku, kuma adonta na fitowa ne daga ƙirga: nawa za a ɗaga, nawa za a danne. In ta kuskure ɗaya, ido zai gani daga nesa. Haka mai ɗinkin hula yake bin gida-gida da allura. Ba'amurkiya Susan Kare, wadda ta zana ƙananan alamomin kwamfutar Macintosh ta 1984, wurin mahaifiyarta ta koyi ɗinkin ado na ƙirga zare, kuma a kaye mai gida-gida ta fara zanenta, irin wanda ɗan lekol ke lissafi a ciki.

Gwanayen sana'ar sun fi ba inuwa muhimmanci a kan kome. Kafin a sa launi, a cike siffar da baƙi a duba: in ba a gane raƙumi ne ba, to launi ba zai cece shi ba. Raƙumi cikin ɗigo 16 tozo ne da dogon wuya da ƙafafu. Gashin ido da akala sai a haƙura da su. Buzu rawani ne da takobi, Bororo malafa ce da sanda a kafaɗa. Mai koyo yakan so ya cusa kome, sai hoton ya dagule kamar kunun da aka cika wa tsaki.

Sai layi. Tun da ɗigo ba ya lanƙwasa, karkataccen layi matakala ce, kuma dole matakan su bi tsari: biyu, biyu, biyu, ko uku, biyu, ɗaya in ana son gantsarwa. Aka yi uku, ɗaya, huɗu, layin zai fito da haƙora. Haske kuma a zaɓar masa gefe guda, kamar rana da hantsi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a duhunta gefuna duka a bar tsakiya da haske, sai mutum ya koma kamar matashin kai. Inuwar ma ba baƙi ake zubawa ba; ja in ya shiga duhu yakan karkata zuwa shuɗi, in ya fito haske ya karkata zuwa rawaya.

Akwai wata matsala da masu zanen farko ba su sani ba. Tsohuwar tele mai ƙugu takan narkar da ɗigo cikin juna, ta rufa wa zane asiri. Allon salular yau ba ya rufa asirin kowa. Saboda haka in za a ƙara girman hoto, sai a ninka shi daidai, sau biyu, sau uku ko sau huɗu, ba sau biyu da rabi ba, in ba haka ba wasu ɗigon su yi ƙiba wasu su rame.

Ga ɗan kasuwar da zai ce ina ribar, lissafin a fili yake. Wasan Minecraft, wanda fuskar kowane tubalinsa ɗigo 16 ce kowane gefe, kamfanin Microsoft ya saye shi tare da kamfanin da ya ƙirƙiro shi a 2014 kan dalar Amurka miliyar 2 da rabi. Ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wasan Stardew Valley kuwa, na noma da kiwo, mutum ɗaya ne, Eric Barone, ya shafe shekara huɗu da rabi yana yinsa, yana zanawa yana gogewa, kafin ya fito a 2016, kuma ya zuwa ƙarshen 2024 an sayar da fiye da kwafi miliyan 41. Shanu ne da kaji da gona a ciki, abin da yaron Kornaka ko Sakabal ya fi mai wasan sani. Kayan aikin ma ba su da tsada: akwai manhajoji na kyauta irin su Piskel da LibreSprite, kuma kafin a kai gare su, kaye mai gida-gida da alƙalami mai launi uku sun isa a fara zana bijimin Bororo da ƙahonninsa.