Kinubi da Barikanci: Makomar Harsunan Bariki Biyu

1.0 Gabatarwa

Idan al'ummomi masu harsuna dabam-dabam suka cuɗanya a kasuwa ko a bariki, ba su kuwa da harshen da ya haɗa su, sukan ƙago wata taƙaitacciyar hanyar magana don biyan bukata. Ita ce masana ke kira fijin, kuma babu wanda ya sha ta a nono. In aka haifi 'ya'ya suka buɗe baki da ita, ta bunƙasa har ta ɗauki dukkan nauyin rayuwarsu, to, ta zama kiriyol ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce a kwatanta harsuna biyu da suka tsiro a barikin soja, watau Kinubi da Barikanci, don a ga abin da ya sa ɗaya ya zama harshen al'umma, ɗaya kuwa ya tsaya a hanya.

2.0 Asalin Kinubi

Tun wajen 1840 fatake da sojojin Masar suka fara kutsawa kudancin Sudan, suna kafa sansanoni. Manyan sansanin Larabci suke ji, amma galibin dakaru da bayi da matan aure daga ƙabilun yankin aka ɗebo su, irin su Bari da Moru da Dinka. A bakin waɗannan ne wani sassauƙan Larabci ya tsiro. Da jihadin Mahadi ya ci Hartum a 1885, sai rundunar Emin Pasha, gwamnan lardin Ikwatoriya, ta yanke daga Masar. Ragowarta ta yi zango kusa da Tafkin Albert a ƙarƙashin Salim Bey, har 1891 lokacin da Kyaftin Lugga ya ɗauke su aiki ya shigo da su Yuganda da iyalansu. Jikokinsu ne Nubawan garin Bombo a Yuganda da na unguwar Kibera a Nairobi. Kada a haɗa su da Nubawan gaɓar Nilu, waɗanda harshensu ba dangin Larabci ba ne.

2.1 Sigar harshen

Binciken Jonathan Owens, da littafin Bernd Heine na 1982 a kan Kinubin Kibera, da na Inneke Wellens na 2005 a kan na Yuganda, sun nuna cewa mafi yawan kalmomin Kinubi daga Larabci suke, amma nahawunsa ya kama tasa hanya. Babu jinsi a cikinsa: uwo na nufin "shi", yana kuma nufin "ita". Aikatau ba ya sauya siga saboda mai aikatawa, sai dai a ɗora masa ɗan harafi mai nuna lokaci. Alal misali:

uwo ja: ya zo/ta zo
uwo gi ja: yana zuwa/tana zuwa
uwo bi ja: zai zo/za ta zo

Wanda ya ƙoshi da Larabcin littafi zai iya ɗaukar wannan a matsayin gwaranci. To amma gwaranci ba ya da doka, nan kuwa doka ce tsayayya wadda kowane yaro a Bombo yake bi ba tare da an koya masa ba. Wannan ne ya sa masana irin su Salikoko Mufwene da Michel DeGraff suka ƙi yarda a ware kiriyol a matsayin wani jinsin harshe na daban. A ganinsu sunan tarihin masu harshen yake nunawa, ba nakasar nahawu ba.

3.0 Barikanci

Shi dai wannan Lugga shi ne aka ɗora wa kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897. Hausa ce harshen mu'amala a barikokinta, ko da yake dakaru da yawa ba Hausawa ba ne, hafsoshi kuma Turawa ne. Hausar da ta fito daga wannan cuɗanya ita ake kira Barikanci. Siffofinta sun yi kama da na Kinubi: ana watsar da bambancin ya da ta, ana furta ƙ kamar k, ɗ kamar d, ba a kuma kiyaye karin sauti da tsawon wasali yadda Bahaushe yake yi.

Duk da haka Barikanci bai zama harshen uwa na wata al'umma ba. Dalili kuwa a fili yake. Yaron da aka haifa a barikin Kano ko Zariya, da ya fita ƙofa cikakkiyar Hausa yake tararwa a kasuwa da makarantar allo, ita kuwa za ta rinjaye shi. Sojan da ya yi ritaya yana da garinsu da zai koma. Nubawa ba su sami ko ɗaya daga cikin biyun ba. Sun yi nisa da masu asalin Larabci, hanyar gida ta toshe, iyayensu mata kuma harsunansu dabam-dabam ne. Ba abin da ya rage musu su yi tarayya a kai sai harshen sansani.

4.0 Harshe da asali

A nan harshe ne ya haifi ƙabila, tare da Musulunci da aikin soja. Mutum daga wata ƙabila yakan musulunta, ya koyi Kinubi, ya zauna cikinsu, 'ya'yansa su tashi Nubawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin yadda ake zama Bahaushe a zangunan Gana da Kamaru.

Asalin da ba shi da ƙasar gado yana da tsada. A Yuganda an danganta Nubawa da mulkin Idi Amin na 1971 zuwa 1979, da ya faɗi kuwa da yawansu suka yi gudun hijira. Sai tsarin mulkin 1995 ya lissafa su cikin ƙabilun ƙasar. A Kenya sun daɗe suna shan wuyar samun katin ɗan ƙasa, kuma sai a 2017 gwamnati ta ba su takardar mallakar eka 288 a Kibera, wurin da suka zauna fiye da shekara ɗari.

5.0 Kammalawa

Kwatancin nan ya nuna cewa sauƙin nahawu kaɗai ba ya mayar da fijin kiriyol. Abin da ke yanke hukunci shi ne halin zaman jama'a: wa yaro yake ji, ina kuma iyayensa za su koma. Saboda haka ya kamata ɗalibin da ke nazarin Hausar da ba Hausawa ba suke yi, a Jos ko a Kumasi, ya fara da tambayar ko akwai yaran da ita ce harshensu na farko, kafin ya shiga ƙidayar abin da yake gani kurakurai ne.