Hoton Wane Ne A Jikin Kuɗin Nan?

Duk lokacin da aka canja fasalin takardar Naira, sai gardama ta tashi a kasuwar Sabon Gari da majalisun hira na Samaru a kan rubutun ajami. Haka aka yi a 2007 da aka cire shi daga ƙananan takardu, haka kuma a 2014 da aka fito da sabuwar Naira 100. Waɗansu 'yan'uwa Kirista sun yi murna, wai an cire addini daga kuɗi. To, me rubutun yake cewa? Hausa ce zalla: Naira goma, Naira ashirin.

Wannan damuwa ta girmi Nijeriya. Kuɗin tagulla na Romawa cike suke da gumaka. Tsohon kwabonsu yana ɗauke da kan Janus, gunki mai fuska biyu, bayansa kuma goshin jirgin ruwa. Bilatus Babunti kuwa ya buga ƙananan kuɗin tagulla a Yahudiya tsakanin shekara ta 29 da ta 31, da hoton sandar masu duba na Roma da ludayin zuba wa gumaka hadaya. Da irinsu talakan Urushalima yake sayen gurasa a zamanin Ubangijinmu. Dinarin da aka nuna wa Yesu a Matiyu sura 22 na azurfa ne, in kuwa na Tibariyas ne, rubutun jikinsa yana kiran Kaisar ɗan allah. Duk da haka Yesu bai hana biyan haraji da shi ba.

Ko Sarki Kustantin, bayan ya rungumi gicciye a 312, ya yi shekaru yana buga tagulla mai hoton gunkin rana. Sai a 353 wani mai suna Magnentiyus ya cika bayan kuɗinsa da haruffan sunan Almasihu, shi ma neman magoya baya yake a yaƙin sarauta.

Dattawan Zariya suna tune da anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa. Tauraro mai tsini shida ne a jikinsu, wanda ake kira hatimin Sulemanu, ga kuma rubutun Larabci. Da su Kiristocin farko na Wusasa suka riƙa ba da baiko ran Lahadi, kuma sunan anini masu fassara suka ara domin kuɗin gwauruwar nan ta Markus sura 12.