Mudun Auna Riba: Yadda Ƙa'idojin Akanta Suka Girgiza Manyan Kamfanoni, da Abin da Ya Shafi Bazazzagi

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Doka ya tare mai keke ya ce masa "PZ", ba sai ya yi kwatance ba. Sunan ya samo asali ne daga Paterson Zochonis, kamfanin kasuwanci na Birtaniya da ya kafa kanti a Zariya tun zamanin Turawa, har wurin ya gaji sunan. Magajinsa, PZ Cussons, shi ke yin sabulun Premier da man Robb da ake gani a kantunan cikin birni. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a watan Mayun 2024, reshensa na Nijeriya ya bayyana asarar gomman biliyoyin naira, har bashin da ke kansa ya zarce abin da ya mallaka. Ga shi kuwa ba a daina wanka ba, ba a daina sayen sabulu ba.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2023, MTN Nijeriya ya tara kuɗin shiga sama da naira tiriliyan 2.4, amma ya rufe shekara da asarar biliyan 137. Nestlé, mai Maggi da Milo, ya yi asarar kusan biliyan 79.5. Tambayar da mai kanti zai yi ita ce: ta yaya ciniki zai ƙaru, a ce kuma an faɗi? Amsar tana cikin mudun da ake auna ribar da shi, wato ƙa'idojin akanta da kamfani ke bi wajen rubuta rahotonsa.

Mudu tsohon zance ne a birni

Wanda ya taɓa zama a zaure ana karanta babin zakka a Risala ya san wannan magana, ko da bai taɓa jin kalmar akanta ba. Malaman Malikiyya sun raba ɗan kasuwa gida biyu. Akwai mai juya kaya kullum, wanda idan shekara ta zagayo zai yi wa hajarsa kuɗi bisa farashin ranar, ya fitar da zakka. Akwai kuma mai ajiye kaya yana jiran kasuwa, wanda ba ya fitarwa sai ranar da ya sayar. Haja ɗaya ce, amma lissafi biyu, domin tambayar ita ce: da wane farashi za a ƙiyasta, kuma yaushe?

Wannan tambayar ce ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, waɗanda ake kira IFRS, ke amsawa. Nijeriya ta amince da su a 2010, ta kafa Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi da dokar 2011, sannan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka fara aiki da su daga Janairun 2012. Dalilin a fili yake: mai zuba jari a Landan ko Johannesburg yana son ya karanta littafin Legas da mudun da ya sani. Akwai kuma darasin Cadbury Nijeriya na 2006, lokacin da aka gano an kumbura lissafinsa da sama da naira biliyan 13 cikin 'yan shekaru.

Musabbabin asarar

Ƙa'idar da ta fi cizo ita ce ta canjin kuɗi, IAS 21. Ta ce duk bashin da ake bin kamfani da kuɗin waje, a ƙarshen shekara sai a sake auna shi da farashin canji na ranar, bambancin kuma ya shiga asara ko riba nan take, ko da ba a biya ko sisi ba.

A ɗauki dillali a kasuwar birni da ya karɓi buhun masara goma, da sharaɗin zai mayar da masara ba kuɗi ba. Ranar da ya karɓa, buhu dubu ashirin ne. Kafin lokacin biya, buhu ya kai dubu arba'in. Bai ƙara cin bashi ba, buhu goma ne har yanzu, amma nauyin da ke wuyansa ya ninka. Idan mai gaskiya ne, a littafinsa zai rubuta dubu ɗari huɗu, ba ɗari biyu ba.

Haka ta faru da dala. Ranar 14 ga Yunin 2023, Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira. Dalar da ke kusan naira 460 a hukumance ta kai wajen 900 a ƙarshen shekarar, ta haura 1,500 a 2024. Bashin dala miliyan ɗaya da aka rubuta naira miliyan 460 ya koma miliyan 900 ba tare da an ƙara karɓar komai ba.

Me ya sa rassan kamfanonin waje suka fi jin jiki? Na farko, da yawansu uwar kamfani ce ke ba su rance da dala ko fam, kamar yadda Nestlé na Suwizalan ya bai wa reshensa. Na biyu, a shekarun da dala ta yi wuyar samu a banki, kuɗin kayan da aka shigo da su da kuɗin amfani da suna da fasaha sun taru ba a biya ba. Na uku ya shafi MTN musamman: yawancin ƙarafunan sabis da muke gani ba nasa ba ne, haya yake yi daga kamfanoni irin su IHS, kuma wani ɓangare na kuɗin hayar an ɗaure shi da dala. Ƙa'idar IFRS 16, da ta fara aiki a 2019, ta wajabta a rubuta hayar shekaru masu zuwa a matsayin bashi. Da naira ta faɗi, asarar canji ta MTN a 2023 ta kai biliyan 740.

Yadda kamfanoni suka yi

Idan ruwa ya kai wa mutum wuya, kowace igiya kamawa yake. Cadbury ya mayar da bashin dala miliyan 7.7 da uwar kamfani ke binsa ya zama hannun jari a 2024. MTN ya sake zama da masu ƙarafunan sabis a watan Agustan 2024 aka rage kason dala a yarjejeniyar. Nestlé kuwa mudun kansa ya sauya. A da yana rubuta filaye da gine-gine da injuna bisa farashin da ya saye su, a 2024 ya koma ƙiyasta su da darajar yau, abin da ƙa'idar IAS 16 ta halatta. Wannan ya ƙara wa jarinsa kimanin naira biliyan 150 a takarda.

Matakin yana da hujja. Idan ana auna bashi da farashin yau, ba adalci ba ne a bar injin da aka saya shekaru da suka wuce a tsohon farashi. Sai dai ƙarin ba kuɗi ba ne a aljihu, ba a raba shi ga masu hannun jari, kuma yana ƙara abin da za a riƙa cirewa na tsufan injuna kowace shekara. Nestlé ya rufe 2024 da asarar kusan biliyan 165, MTN kuma da biliyan 400.

Abin da ya iso cikin ganuwa

Wasu kan ce asarar takarda ce kawai. Gaskiya ne ba a ɗebi kuɗin an kai wani wuri a ranar ba, amma tasirinta ya taɓa mutane ta hanyoyi uku.

Na farko, rabon riba. Dokar kamfanoni ta hana raba wa masu hannun jari kuɗi sai daga ribar da ta tabbata. Lokacin da MTN ya sayar da hannun jari ga jama'a a Disambar 2021 kan naira 169, sama da mutum 126,000 ne suka saya. Waɗannan ba su ga rabo na shekarar 2024 ba. Ma'aikacin da bai taɓa sayen hannun jari ba shi ma abin ya shafe shi, domin kamfanonin fansho suna zuba wani kaso na ajiyarsa a irin waɗannan kamfanoni.

Na biyu, farashi. Lambobin asarar sun zama hujja mai ƙarfi a gaban hukuma, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba a kuɗin kira da data. A ɓangaren kayan masarufi kuwa, mai tebur a bakin Babban Dodo da ke ƙirga wa yarinya dunƙulen Maggi, yana rage ɗaya daga abin da ya saba bayarwa a kuɗin, shi ne ƙarshen igiyar da aka ja tun daga ofishin akanta.

Na uku, ficewa da juyawa. GSK da Procter & Gamble sun sanar da sauya tsarin kasuwancinsu a Nijeriya a 2023, suka koma dogaro da shigo da kaya. Waɗanda suka tsaya kuwa sun ƙara neman masara da dawa da waken soya na gida don rage buƙatar dala, kuma wannan dama ce ga manoman ƙasar Zazzau.

Hukunci

A ganina ƙa'idar ba ta yi laifi ba. Ciwon ya daɗe a jiki tun lokacin da farashin hukuma ya yi nisa da na kasuwa, kuma ribar da aka riƙa bayyanawa a shekarun baya an auna ta ne da dalar da ba kowa ke samunta ba. Abin da ya rage shi ne sa ido, domin inda doka ta ba kamfani zaɓi, zai zaɓi abin da ya fi yi masa kyau.

Zariya na da abin yin wannan aiki. A Kongo, 'yan mintuna daga ganuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yaye akantoci. Ya kamata malamai da ɗalibanta su riƙa warware waɗannan rahotanni da Hausa a rediyo da majalisu, su nuna wa mai hannun jari shafukan bayanin ƙa'idoji da ke bayan manyan lambobi: da wane farashin dala aka rufe littafi, wa ke bin bashin, kuma an sauya wata ƙa'ida bana ko ba a sauya ba. Uwargidan da ta je awo a kasuwar birni ba ta biyan kuɗi sai ta duba gindin mudu. Wanda ya ba kamfani ajiyarsa ya fi ta buƙatar dubawa.