Itacen Wilo: A Dubi Ruwa Kafin A Dasa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai bayanin wani itacen ado, wanda Turawa ke kira wilo, Larabawa kuwa safsaf. Kowa ya ga hotonsa a bakin tafki, rassa sun zubo har suna taɓa ruwa, sai ya yi sha'awar a ce ga shi a lambunsa.

Asalin wannan iri mai zubo da rassa arewacin ƙasar Sin ne. A 1753 wani masanin tsirrai mutumin Suwidin, wai shi Linayus, ya laƙaba masa sunan Babila, don yana zaton shi ne itacen da aka ambata a Zabura ta 137. Daga baya masana suka gane na Babila wani itace ne dabam, amma suna ya riga ya bi shi.

Dashensa ba wuya, kamar na cediya ne. A yanko reshe mai kaurin ɗan yatsa, tsawon kamu guda, a kafa fiye da rabinsa cikin ƙasa mai laima, a riƙa ba shi ruwa. Cikin 'yan makonni sai ya yi saiwa. Yana da saurin girma, har yakan wuce ƙafa 40.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Wilo itacen ruwa ne. Saiwarsa takan yi nisa tana neman laima, in ta sami tsaga a jikin bututun ruwa ko magudana sai ta kutsa ta toshe shi. A ƙasar laka kuwa takan tsotse damshi har ƙasa ta motsa, bango ya tsage. Shi ya sa masana lambu ke cewa a nisanta shi da gini kamar ƙafa 50.

Mu da ruwan sama ke ɗauke mana wata shida ko bakwai, shawarata ita ce, wanda ba shi da fadama ko bakin rafi ya haƙura, ya dasa cediya ko durumi, masu jure rani. Mai ruwa kuwa ya auna filinsa tukuna, ya nisanci rijiya da katangar maƙwabci, kada ado ya jawo shari'a. Tun ran gini, ran zane.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu.